Ƙazwa ba ta mutum ɗaya ba ce: darasi daga tsibiran Fiji ga Mayo-Oulo

Wanda ƙaiƙayi ya daɗe a jikinsa ba ya rasa masu ba shi shawara. Wannan ya ce a dafa ganyen darbejiya a yi wanka da ruwan, wancan ya ce a kwaɓa farar wuta da man kaɗanya, wata tsohuwa ta ce ai jini ne ya ɓaci, sai an sha ɗaci, a jiƙo sassaƙen maɗaci. Ranar kasuwa kuwa, a Mayo-Oulo ko Dourbeye ko Gidar, mai tebur zai zaro wani ɗan kwali daga ƙarƙashin tarin magunguna, ya kaɗe ƙurar da ke kansa da gefen riga, ya ce, "Alhaji, wannan daga Mubi ya zo, kwana uku ka manta da zancen." Kuma bai yi ƙarya ba, kwana ukun ana samun barci. Mako biyu ko uku sai susa ta dawo, ta ma fi ta da. Daga nan sai a yanke wa maganin hukunci, a ce na jabu ne ko ba shi da ƙarfi, a shiga neman wani.

Ni dai a ganina sau da yawa ana zaluntar maganin. Shi ya yi aikinsa. Abin da ya faru shi ne an yi wa mutum ɗaya magani a gidan da mutum goma sha biyu ke kwana, ya warke, ya koma kan tabarmar da ya ɗauko cutar.

Ƙaiƙayin da ke daɗewa iri-iri ne, wannan ba na musu. Akwai na bushewar fata lokacin hunturu, akwai kircin da ke bin yaro tun yana goye, akwai na ciwon suga ko hanta ko ƙoda, akwai kuma na tsutsar da baƙin ƙudan rafi ke sa wa mutum, wadda mutanen Touboro da Tcholliré suka fi kowa sanin sharrinta. A Kamaru an saba tattara su duka a ce "filer" ce. To amma akwai guda ɗaya da ba ta da wuyar ganewa: ƙaiƙayin ya fi tashi da dare, ƙananan ƙuraje na fitowa a tsakanin yatsu da wuyan hannu da hammata da ƙugu da mazaunai da al'aura, jarirai har tafin hannu da tafin ƙafa, sannan in ka tambaya za ka tarar ba shi kaɗai ke susa a gidan ba. Wannan ita ce ƙazwa, kuma a kanta nake magana.

Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke kawo ta, wadda da ƙyar ido ke iya gani. Macen takan haƙa rami a saman fata, ta shiga tana ajiye ƙwai biyu ko uku kowace rana. Ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana uku zuwa huɗu, kafin mako biyu 'ya'yan sun girma su ma sun fara nasu. Likitan Andalus ɗin nan Ibn Zuhr, wanda ya rasu a 1162, ya yi bayanin wannan halitta a rubuce-rubucensa, sannan a 1687 wasu mutum biyu a Italiya, Bonomo da Cestoni, suka dube ta da madubin ƙara girma suka zana ta. Abin mamaki, mutumin da ya kwana yana susa har jini, galibi abin da ke jikinsa bai wuce guda goma zuwa goma sha biyar ba. Ba cizonsu ne ke sa ƙaiƙayin ba, jiki ne ke yin bore ga su da ƙwansu da kashinsu. Shi kuwa wannan boren ba ya tashi nan take. Wanda ya kamu karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida bai ji komai ba, alhali yana ɗauke da ita, yana kuma raba wa duk wanda ya haɗa shimfiɗa da shi.

A nan gizo ke saƙar. Ranar da uwa ta kai yaron da ya fi kowa ƙuraje asibiti, a gida ta baro ƙaninsa da ya fara susa jiya, da yayarsa da ba za ta fara ba sai bayan wata guda, da ita kanta.

Fiji ƙasa ce ta tsibirai a tekun Fasifik, can gabas da Ostireliya, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Ƙazwa ta daɗe da zama 'yar gida a wurinsu: binciken da aka yi a faɗin ƙasar a 2007 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu na da ita. A 2012 likitocin ƙasar da abokan aikinsu na Ostireliya, cikinsu akwai Lucia Romani da Andrew Steer, suka ɗauki al'ummomi uku na tsibirai, mutum 2,051 jimla, suka bi da kowace ta hanya daban. A ta farko aka yi abin da aka saba, wato wanda aka ga yana da cutar a ba shi man shafawa na fametirin, shi da na kusa da shi. A ta biyu aka ba kowa da kowa man, mai ƙaiƙayi da marar shi. A ta uku aka ba kowa ƙwayar ibamektin ya haɗiye, ƙananan yara da masu ciki kuwa, da ba su iya shan ta, aka ba su man. Sai aka dawo bayan shekara guda aka duba jikin mutane.

Inda aka bi hanyar da aka saba, masu ƙazwa sun ragu daga kashi 36.6 cikin 100 zuwa 18.8. Inda kowa ya shafa man, daga 41.7 zuwa 15.8. Inda kowa ya sha ƙwaya, daga 32.1 zuwa 1.9. An buga sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine a watan Disamba na 2015. Masu karatu da yawa abin da suka ɗauka daga ciki shi ne ƙwaya ta fi mai, sai dai wannan rabin labari ne. Fametirin ba ƙaramin magani ba ne, in aka shafa shi yadda ya kamata yana kashe ƙazwa ƙwarai. Bambancin shi ne ƙwaya a gaban ma'aikaci ake haɗiye ta, an tabbata mutum ya sha, shi kuwa man a hannu ake ba mutum ya tafi gida, kuma wanda ba ya jin ƙaiƙayi da wuya ya tuɓe ya mulke jikinsa duka da daddare don kawai an ce ya yi. Abin da ya ci nasara a tsibiri na uku shi ne an rufe wa cutar duk ƙofofi lokaci guda, ba a bar mata jikin da za ta fake ba.

An maimaita abin a wuri mafi girma. A lardin Choiseul na Tsibiran Solomon, a 2015, an ba mutum wajen 26,000 magani, bayan shekara ƙazwa ta sauka daga kashi 18.7 zuwa 2.3. A Habasha, bayan farin 2015 ya haddasa ɓarkewarta a jihar Amhara, gwamnati ta yi gangami a 2018 wanda aka duba sama da mutum miliyan tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazwa cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2017, ta kuma ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutum sama da miliyan 200 na fama da ita. Shawarar masananta ita ce duk inda masu cutar suka kai kashi 10 cikin 100, a yi wa al'umma duka magani.

To sai dai Mayo-Oulo ba tsibiri ba ce, kuma duk wanda ya ce a kwafo Fiji yadda take bai san ƙasar ba. Tsibiri teku ne ya kewaye shi, wanda ya shigo an san shi. Nan kuwa iyaka ce da Najeriya, 'yan kasuwa na kai da kawowa, makiyaya na wucewa, yara na tafiya karatu Garwa ko Marwa ko Mubi su dawo hutu, ana aurayya tsakanin wannan gefe da wancan. An taɓa gwada irin wannan rabon magani a garin Galiwin'ku da ke arewacin Ostireliya a 2010. Cutar ta ragu da farko, amma kafin shekara ta zagayo ta sake tashi, saboda mutanen garin masu yawan zirga-zirga ne, kuma an sami mai nau'in ƙazwar nan mai ɓawo a cikinsu. Shi wannan nau'i yakan kama wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, fata ta yi kauri tana tsattsagewa, halittun da ke jikinsa ba goma ba ne, dubbai ne ko ma miliyoyi. Mutum ɗaya irin wannan ya isa ya mayar da unguwa guda ruwa. Saboda haka ba na tsammanin za a tashi wata safiya a share ƙazwa daga gundumar Mayo-Louti, inda Mayo-Oulo take, da rabo ɗaya.

Abin da za a iya ɗauka shi ne ma'aunin. Kowane gida tsibiri ne ƙarami ta fuskar shimfiɗa. Haka tsangaya, inda almajirai ashirin ko talatin ke kwana a zaure ɗaya suna haɗa bargo lokacin sanyi. Haka makarantar kwana, haka gidan yari. Likitan fata Emmanuel Armand Kouotou da abokan aikinsa sun duba ɗalibai 1,902 a makarantun kwana na Yawunde da Buea, suka sami kashi 17.8 na ɗauke da ƙazwa. Wannan a manyan birane ke nan, inda asibiti ke bakin ƙofa. Malamin tsangayar da ya tura yaro ɗaya kemis ya sayo mai, sauran kuwa ya ce ai su lafiyarsu ƙalau, kuɗinsa kawai ya zubar. Hausawa sun riga sun faɗa: in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Da wannan idon ya kamata a sake duban magungunan da muke da su a hannu. Farar wuta, wadda wasu 'yan boko ke yi wa kallon maganin ƙauye, magani ce ta gaske, tana cikin littattafan likitoci har yau. Ana haɗa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 da basilin, a shafa dare uku a jere. Tana da wari, tana ɓata tufafi, amma tana da araha, kuma ita ake komawa gare ta ga jarirai da masu ciki. Matsalar ta gida ita ce awo: a zuba da yawa fata ta ƙone, a zuba kaɗan ba ta yi komai ba, don haka gara mai harhaɗa magunguna ya auna. Benzil benzowet, wanda a ƙasashen renon Faransa aka fi sani da sunan Ascabiol, shi ma yana aiki, sai dai yana da zafi a fatar da aka sosa, kuma na yara sai an sirka shi bisa umarnin ma'aikacin lafiya.

Darbejiya fa? A 1992 an buga wani rahoto daga Indiya inda aka shafa wa mutum 814 kwaɓin ganyenta da kurkum, aka ce kashi 97 sun warke cikin kwana 3 zuwa 15. Adadin na da daɗin ji, amma ba a kwatanta su da wasu da aka ba wani magani ba, don haka ba hujja ba ce mai ƙarfi kamar ta Fiji. Ba na hana kowa wanka da ruwan darbejiya, itace ne da ke kowace ƙofar gida a ƙasar nan, kuma ba a san shi da cutar da fata ba. Abin da nake cewa shi ne ko da ya kashe ƙazwar jikinka, ba zai kashe ta jikin matarka da ba ta yi wankan ba. Man kaɗanya kuwa ba ya kashe komai. Aikinsa laushin fata ne da rage tsagewa, kuma a nan ba shi da na biyu, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.

Wanda na fi jin tsoro shi ne ɗan kwalin mai tebur. Juya shi ka karanta ƙananan rubutun da ke bayansa, sau da yawa za ka ga Clobetasol ko Betamethasone. Waɗannan magunguna ne masu kwantar da boren fata, suna da amfani sosai ga kirci in likita ya rubuta na ɗan lokaci. Ga mai ƙazwa kuwa, ƙaiƙayin suke kashewa su bar mai haddasa shi yana ta hayayyafa cikin natsuwa. Ƙurajen su sauya kama har ma'aikacin lafiya ya kasa gane su, fata ta yi siriri ta yi fari-fari, makero in akwai ya bazu. Barcin kwana ukun nan da shi ake saye. Baƙin mai na mota, da maganin feshin auduga, da na wankan shanu, waɗannan ba ma abin tattaunawa ba ne: guba ce da fatar da aka sosa ke tsotsewa kai tsaye, yaro kuma ƙaramin abu ke kayar da shi.

Yadda ake yi a gida ba wani abu ne mai wuya ba, sai dai yana son mai gida ya tsaya da kansa. A zaɓi dare ɗaya da kowa zai fara. Duk wanda ke kwana a gidan, har kakar da ke cewa "ni ku ƙyale ni, ba abin da ke damuna," har ɗan aikin da ke kwana a zaure, kowa ya yi wanka ya bushe. A yanke farce. A shafa maganin daga wuya har tafin ƙafa, ba kan ƙuraje kaɗai ba, a bi tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce da cibiya da matsematsi. Ƙananan yara da tsofaffi a haɗa da fatar kai, a kiyaye ido da baki. Wanda ya wanke hannu ko ya yi alwala ya sake shafawa a wurin. Da safe a kwashe zannuwa da kayan da aka sa kwanakin nan a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa, irin su bargo mai nauyi, a ɗaure a buhun leda a ajiye gefe mako guda, domin halittar ba ta wuce kwana biyu zuwa uku a raye in ba ta jikin mutum. Ba sai an ƙona katifa ba. Bayan mako ɗaya a maimaita shafawar, saboda ƙwan da ya tsira. Sannan a yi haƙuri: ƙaiƙayi na iya ci gaba mako biyu har huɗu bayan cutar ta mutu. A wannan tsakanin ne mutane da yawa ke karaya su koma wurin mai tebur.

Ita ƙwayar da ta yi abin mamaki a Fiji ba baƙuwa ba ce a arewacin Kamaru. Ita ce Mectizan, wadda kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta a 1987 don yaƙi da makantar da ƙudan rafi ke kawowa, kuma kwarin kogin Vina, wajen Touboro, na cikin wuraren farko a duniya da aka gwada raba ta ga jama'a. Mutanen yankin sun san sandar awon tsawo mai launi-launi da ake jingina mutum da ita a ƙidaya masa ƙwayoyi. A Zanzibar ma an lura cewa masu zuwa asibiti da ƙazwa sun ragu sosai bayan an yi shekaru ana raba ta don cutar tundurmi. Amma kada wannan ya sa kowa ya yi gaban kansa. Ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai kilo 15 ba. Ba ta kashe ƙwai, don haka mai cutar sai ya sake sha bayan kwana 7 zuwa 14. Ga kuma abin da ya shafi Kamaru musamman: a dazukan kudu akwai tsutsar Loa loa, wadda kan ratsa farin ido, kuma wanda take da yawa a jininsa in ya sha ibamektin yana iya suma, har ta kai ga rasa rai. Duk wanda ya yi zaman ci-rani ko fatauci a kudu ya faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin ya haɗiya. Wadda ake yi wa shanu allura da ita kuwa a bar wa shanu abinsu.

Wani zai ce duk wannan hidima a kan ƙaiƙayi? Ai ba a nan take tsayawa ba. Fatar da aka sosa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, ƙuraje su yi ruwa su zama gyambo, kuma irin ƙwayar da ke shiga nan tana iya taɓa ƙodar yaro, a wayi gari fuskarsa ta kumbura fitsarinsa ya yi ja. A tsibirin da aka sha ƙwaya a Fiji, irin waɗannan ƙuraje masu ruwa sun ragu da kashi 67 ba tare da an ba kowa maganinsu ba. Ga rashin barci, ga yaro na gyangyaɗi a aji, ga kunya. Kunyar nan ita ce babbar mai taimakon cutar, domin an ɗauka ciwon ƙazamai ce, sai amarya ta ɓoye, mai gida ya sayo mai a asirce ya shafa shi kaɗai. Alhali wanka sau biyar a rana ba ya fitar da abin da ke cikin rami a fata. Cunkoso ke yaɗa ta.

In kuwa an yi wa gida duka magani sau biyu yadda ya kamata, kowa ya warke ban da mutum ɗaya, to nasa wani abu ne daban, sai a nemi asibitin gunduma ko a wuce Garwa a auna jini da suga. In kirci ne, magani mai ɗorewa shi ne mai a jiki kullum bayan wanka, da sabulu marar ƙarfi, da tufafi masu laushi. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Zubairu bin Awwam da Abdurrahman bin Auf rangwamen sa alharini saboda ƙaiƙayin da ke damunsu.

Likitocin fata kaɗan ne a Kamaru, kuma yawancinsu suna Yawunde da Duwala. Amma ƙazwa ba ta bukatar ƙwararre. A yankin Bamako na Mali an taɓa ba ma'aikata 400 na ƙananan asibitoci horo na kwana ɗaya tak a kan cututtukan fata da aka fi gani. Marasa lafiyar da aka yi wa maganin da ya dace suka ƙaru daga kashi 42 zuwa 81, kuɗin magani kuma ya ragu da kashi 25. Wannan abu ne da gundumar lafiya ta Mayo-Oulo za ta iya nema. Kafin nan, roƙona ga ma'aikatan asibitocinmu shi ne duk wanda ya zo da ƙazwa a tambaye shi mutum nawa ke kwana a gidansu, a rubuta maganin da zai ishe su duka. Malaman tsangaya da shugabannin makarantun kwana su kuma su sa rana ɗaya kafin sanyi ya shigo, a duba hannun kowane yaro.